Namiji da Zane a Ƙugu: Dariyar da Aka Aro Daga Kan Mata

A Amurka ta yau, zanen jiki ya daina zama abin da za a tsaya kallo. Binciken da cibiyar Pew ta fitar a 2023 ya nuna kashi 32 cikin ɗari na manyan ƙasar suna da aƙalla zane ɗaya a fatarsu, kuma mata sun fi maza yawa: kashi 38 a cikin mata, 27 a cikin maza. Likita na da shi, malamin makaranta na da shi, ɗan sanda ma haka. Namiji zai cika damtsensa da tawada, ya haɗa da ƙirji da sangali, ba mai ɗaga ido ya dube shi. Amma akwai wani ɗan fili a jiki, bai fi faɗin tafi biyu ba, wanda in ya kuskura ya bari allura ta taɓa, abokansa sun samu abin tsokana har ya tsufa. Wurin shi ne ƙasan baya, daidai tsatso, inda ƙugun wando yake zama.

Mai karatu na iya cewa ina ruwan biri da gada. A wurin mafi yawanmu maganar ta ƙare tun daga tushe, domin jumhurin malaman Musulunci sun haramta zanen da ake cusa wa tawada a ƙarƙashin fata, bisa hadisan da ke cikin Bukhari da Muslim, ko a damtse yake ko a baya. Sai dai samarinmu na kallon 'yan ƙwallon Turai duk mako, suna ganin jikkunan da aka zane kamar bangon allo, wasu har suna sha'awa. Yana da kyau su san cewa can ma ba kowane zane ake yi wa kallo ɗaya ba, kuma dalilin bambancin ya fi zanen kansa ban sha'awa.

A mafi yawan ƙarni na 20, zanen jiki a Amurka harkar maza ce, mazan ma na gefe: ma'aikatan jiragen ruwa, sojoji, fursunoni, 'yan ƙungiyoyin babur. Birnin New York ya hana sana'ar baki ɗaya daga 1961 har zuwa 1997. A shekarun 1990 ne mata suka fara shiga shagunan masu zane da yawa, kuma da dama daga cikinsu suka zaɓi ƙasan baya. Suna da hujja. Wurin shimfiɗaɗɗe ne, yana da faɗi, ba ya buɗewa ya lalata zane kamar yadda fatar ciki take yi in an ɗauki juna biyu, sannan riga na rufe shi a wurin aiki. Mace ta ga dama ta nuna, ta ga dama ta ɓoye. Sai kuma yayin tufafi ya zo ya taimaka: a ƙarshen shekarun 1990 da farkon 2000 aka shiga yayin wandon jins mai gajeren ƙugu da 'yar rigar da ba ta kai cibiya, wanda ya bar daidai wannan wurin a buɗe. Mawaƙa irin su Britney Spears da Aaliyah suna da zane a nan, 'yan mata kuwa suka bi sahu. Malam-buɗe-littafi, fure, ko baƙaƙen layuka masu lanƙwasa da suka baje hagu da dama, su ne suka fi yawa.

Ba a jima ba ba'a ta biyo baya. Amurkawa suka laƙaba wa zanen suna mai ma'anar tambarin karuwa, Jamusawa kuma suka ce ƙahon barewa ne ya tsiro a saman ɗuwawu. A 2004 shirin barkwanci na Saturday Night Live ya yi tallar ƙarya ta wani maganin goge irin wannan zane, ana nuna yadda zai saki ya yamutse idan budurwar ta zama uwar 'ya'ya. A fim ɗin Wedding Crashers na 2005, wani ɗan wasa ya kwatanta zanen da alamar da maharbi ke saitawa. Saƙon a fili yake: duk wadda ke da shi, an yanke mata hukuncin cewa ba ta da kamun kai. Babu wanda ya tambayi dubban matan da suka yi shi don kawai sun ga yana da kyau a jikin ƙawarsu.

Daga nan ne namiji ya gaji nasa kason. Idan aka ga zane a ƙugunsa, ba a cewa mazinaci ne, domin a wannan al'ummar yawan 'yan mata ba abin kunya ba ne ga saurayi, wani lokaci ma abin tinƙaho ne. Abin da ake cewa shi ne ya yi abin mata, kuma abin matan da aka riga aka rena. Wasu su ƙara da zargin cewa ɗan luwaɗi ne, ba tare da wata shaida ba sai inda tawadar ta zauna. Shirin How I Met Your Mother ya gina dariya a kan wannan a 2007: jarumin, Ted, ya kwana a buge, ya farka da malam-buɗe-littafi a ƙasan bayansa bai sani ba, abokansa suka yi ta yi masa shaƙiyanci, ƙarshe sai da ya yi zuwa goma wurin likitar fata don a cire. Marubutan shirin ba su buƙaci yi wa masu kallo bayanin me ya sa abin ya zama abin dariya ba. Kowa ya riga ya sani. Da a kafaɗa aka sa masa zaki, da babu labari.

A ganina wannan dariyar ba ta da alaƙa da kyau ko munin zanen. Ma'aunin ƙimar mace ce aka ɗauko aka auna namiji da shi, aka ce ya faɗo. Mun san irin wannan a gida: lalle a ƙafar amarya ado ne, amma saurayi ya fito da zanen fulawa a ƙafarsa, kafin la'asar unguwa ta ba shi suna.

Akwai waɗanda dariyar ba ta kama ba. Ɗan ƙwallon Ingila David Beckham, bayan haihuwar ɗansa na fari a 1999, ya sa an rubuta sunan yaron, Brooklyn, a ƙasan bayansa da manyan baƙaƙe. Shekara ɗaya kafin nan jaridun Ingila sun yi masa ca saboda ya ɗaura zani ya fita da budurwarsa gab da fara gasar cin kofin duniya a Faransa. Amma zanen ƙugun bai zame masa abin gori ba. Ya yi shi tun kafin mummunan laƙabin ya bazu, sunan ɗansa ne ba fure ba, kuma shi Beckham ne. Mai kuɗi da suna yakan tsallake shingen da talaka ke karyewa a kai. Haka kuma namijin da zanensa ya taso daga kafaɗa ya cika bayan duka har ya sauko ƙugu, irin na Japanawa, ba a yi masa dariya, sai ma a ce jarumi ne mai jure allura. Wurin ɗaya ne, fatar ɗaya ce. Ƙaramin zane shi kaɗai a tsakiya ne abin zargi.

Tarihi kuwa bai san da wannan doka ba. A watan Satumban 1991 wasu Jamusawa masu hawan dutse suka ci karo da gawar wani mutum da ƙanƙara ta adana a tsaunukan Alps, kan iyakar Italiya da Ostiriya. Ana kiransa Ötzi, ya rayu kimanin shekaru 5,300 da suka wuce, kuma masana sun ƙirga zane 61 a jikinsa, gajerun layuka da aka cusa wa baƙin gawayi. Wasu daga cikinsu suna ƙasan bayansa, gefe da gefen ƙashin baya. Da yake da yawa sun faɗo daidai gaɓoɓin da suka nuna alamar lalacewa, masana da dama na ganin magani ne aka yi masa na ciwon baya da gwiwa. Ke nan ɗaya daga cikin mafi daɗewar masu zanen jiki da aka sani a duniya namiji ne mai zane a tsatso.

A tsibiran Samoa da ke tekun Fasifik abin ya wuce haka. Zanen da ake kira pe'a, wanda ke rufe jikin namiji daga ƙugu zuwa gwiwa, shi ne shaidar cewa yaro ya zama mutum, zai iya yi wa dangi da sarakuna hidima. Daga ƙasan baya ake fara shi, a cibiya ake rufewa. Gwanin, wanda sana'ar gado ce a gidansu, yana amfani da wani abu mai haƙora kamar mataji, da a da ake sassaƙawa daga hauren alade, yana bugunsa da 'yar sanda, mataimakansa na miƙe fatar suna share jini. Aikin na ɗaukar kwanaki, wani lokaci makonni, dangi na zaune a gefe suna waƙa don ƙarfafa masa zuciya. Wanda ya gudu bai ƙarasa ba, abin kunyar na binsa shi da gidansu har abada. 'Yan mishan da suka iso a 1830 sun yi ƙoƙarin kashe al'adar, ba su ci nasara ba, har yau ana yi.

A Amurka kuma yayin ya sake juyawa. Tun farkon shekarun 2020 matasan da aka haifa a lokacin da ake waccan ba'ar suka dawo da wando mai gajeren ƙugu, zanen ƙasan baya ya biyo shi, kuma a wannan karon akwai samari a cikin masu yi, wasu da gangan don su tsokani masu ganin wurin na mata ne. Waɗanda suka yi nasu shekaru ashirin baya suka sha gori, da yawa sun riga sun kai kansu wurin masu cirewa da hasken leza, aikin da ke buƙatar zuwa sau da yawa da tazarar makonni, ya fi yin zanen tsada nesa ba kusa ba, kuma a baƙar fata yakan bar tabo ko ya kashe launin wurin. A binciken nan na Pew, kashi 24 cikin ɗari na masu zane sun ce suna nadamar aƙalla ɗaya daga cikin zanukan da ke jikinsu.