Dubai: Lasisin kamfani ne ke riƙe da bizar mai shi

Ɗan kasuwar da ya kafa kamfani a yankin ciniki maras shinge na Dubai, kamar Jebel Ali ko DMCC, bizar zamansa a jikin kamfanin take rataye. Yawanci ta shekara 2 ce, alhali lasisin kasuwanci duk shekara ake sabunta shi. Idan lasisin ya ƙare, hukumar yankin ba za ta miƙa takardar sabunta bizar ba.

Sauran sharuɗɗan su ne gwajin jini da hoton ƙirji a cikin ƙasar, inshorar lafiya, da sabon katin Emirates ID. Wanda ya wuce wa'adin sassauci zai biya tarar dirhami 50 kullum. Abin da ya fi tarar nauyi shi ne, bizar matarsa da 'ya'yansa ma a kan tasa ta dogara.