Secret of Mana: ƙarfi da raunin tsohon wasan da ke tara mutum uku gaban talabijin ɗaya

Yawancin matasan da ke buga wasan bidiyo a Diffa da Maine-Soroa sun fi sabawa da na ƙwallon ƙafa, inda mutum biyu ke karawa, wanda aka ci ya tashi ya ba wani wuri. Akwai wani tsohon wasa ɗan Japan mai suna Secret of Mana da ke tafiya a kan wata hanya dabam: mutum uku ne ke haɗa kai su yaƙi abokin gaba ɗaya. Shekara fiye da 30 da fitowarsa, har yanzu ana sayar da shi, don haka ya dace a san abin da ke cikinsa kafin a kashe masa kuɗi.

Wane irin wasa ne?

Kamfanin Square ne ya fitar da shi a 1993 a kan na'urar Super Nintendo, ya isa Turai a 1994 har da fassarar Faransanci. Koichi Ishii ne ya jagoranci aikin, Hiroki Kikuta ya tsara kiɗan, Nasir Gebelli ɗan asalin Iran kuma ya rubuta manhajar.

Labarin ya fara da wani yaro da ya zare tsohon takobi daga cikin dutse bai san darajarsa ba. Dodanni suka ɓarke, mutanen ƙauyen Potos suka ɗora masa laifi, suka kore shi. Mutanen kwarin Komadugu, da yawansu suka bar garuruwansu tun hare-haren 2015, sun san nauyin barin gida ba da son rai ba. A hanya yaron ya haɗu da wata yarinya da wani ɗan ƙaramin aljani, su ukun suka tasar wa wata daula mai neman tayar da tsohon makamin da zai hallaka duniya.

Mai wasa da hannunsa yake sara da kaucewa, kuma ƙarfin jarumansa na ƙaruwa gwargwadon yaƙin da suka yi.

Inda ƙarfinsa yake

Babban abin da ya ɗaukaka shi shi ne wasan haɗin gwiwa. Super Nintendo na da wurin maƙala abin sarrafawa biyu ne kawai, amma da ƙarin na'urar Multitap mutum na uku na shiga. Kowane jarumi da aikinsa: yaron ya fi ƙarfin damtse amma ba shi da sihiri, yarinyar ta fi warkarwa da kariya, aljanin kuma sihirin kai hari. Dole a yi magana, a raba aiki. Wanda ya ruga gaba shi kaɗai, allo ba zai bi shi ba sai ƴan uwansa sun iso. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na biyu, faɗan na koyar da haƙuri. Bayan kowace sara sai an jira ma'aunin ƙarfi ya koma kashi 100, in ba haka ba bugun ba ya yin tasiri. Makamai takwas ne, ciki har da takobi, mashi, gatari, baka da bulala, kuma suna da amfani ko ba a faɗa ba: gatari na fasa duwatsun da suka tare hanya, bulala na tsallakar da mutum rami.

Na uku, zaɓen makami ko magani na fitowa ne a zobe kewaye da jarumin, ba sai an bar filin daga ba. Ga kiɗan Kikuta da har yau ake yabawa, ga kuma yawo a sararin sama bisa farin dodo Flammie.

Inda ya gaza

Yawancin raunin wasan ya samo asali ne daga tarihinsa. An tsara shi don wata na'urar faifan CD da Nintendo da Sony suka shirya yi tare. Yarjejeniyar ta wargaje, Sony ya fitar da PlayStation a 1994, shi kuwa Square dole ya matse aikin cikin kaset mai megabait 2 kacal, abin da bai kai hoto ɗaya na wayoyin yanzu ba. An yanke abubuwa da yawa. Shi ya sa rabin farko ke cike da garuruwa da hira, rabin ƙarshe kuwa ana ta gaggawa daga wannan fada zuwa waccan ba tare da cikakken bayani ba. Fassarar Turanci ma cikin kusan wata ɗaya Ted Woolsey ya yi ta, an kuma rage zance saboda ƙarancin wuri.

Mai wasa shi kaɗai ne ya fi jin jiki. Na'ura ce ke tuƙa sauran jarumai biyu, kuma sukan maƙale a bayan itace ko bango, sai an koma an ɓamɓaro su. Wani lokaci sara na sauka kan dodo ba ta yi masa komai ba. Sihiri kuma ya yi ƙarfi fiye da kima: duk wanda ya gano wanda wani babban dodo ba ya jurewa, zai iya jera masa shi har ya faɗi bai motsa ba. Kafin sihirin ya kai haka sai an maimaita shi sau da yawa, aikin da ke gundura.

Akwai matsalar da ta fi shafar wannan yanki. Ba a ko'ina ake adana inda aka kai ba, sai a masauki ko wurin wasu ƴan tsiraru, irin su Neko, kyanwar da ke fatauci tana ninka farashi. Idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar doguwar fada, aikin awa guda ya tafi. A garuruwan karkara irin su N'Guelbély, inda cajin waya ke da wuya fiye da birni, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Wane ne zai ji daɗinsa?

Wasan ya fito a wayoyin iPhone a 2010 da Android a 2014, amma na waya mutum ɗaya ke buga shi, ke nan an cire abin da ya fi armashi. Yana cikin Super Nintendo Classic Mini ta 2017 da tarin Collection of Mana na Switch, an kuma sake gina shi a 2018 don PlayStation 4 da kwamfuta. Babu shi da Hausa, don haka sai da ɗan Faransanci ko Turanci za a bi labarin. Iyaye kuma su sani cewa akwai zancen aljanu da sihiri a ciki, ko da yake zanen irin na yara ne, babu zubar da jini.

Wanda zai buga shi kaɗai a waya zai ga kurakuran tun da wuri. Ƴan fada guda da ke da talabijin, abin sarrafawa biyu ko uku da wutar da za ta kai dare, su ne za su ci moriyarsa.