Bayan haramta ajin zana, ina ƙananan yaran Nijar za su zauna su yi karatu?

Ranar 13 ga watan Afrilun 2021, gobara ta tashi a wata lakwal da ke unguwar Pays-Bas a birnin Yamai, ta cinye azuzuwan zana, yara kimanin 20 suka rasu, galibinsu ƴan ajin renon yara. Ba a rufa wata bakwai ba, ranar 8 ga Nuwamba, sai ga irinta a Maraɗi, inda aƙalla yara 25 masu shekara biyar zuwa shida suka riga mu gidan gaskiya. Daga nan ne gwamnati ta haramta sanya ƴan jardan a cikin ajin zana a faɗin ƙasar.

Hukuncin ya yi daidai, amma kowa ya san ajin bulo ba ya tsirowa dare ɗaya. Abin da ya sa ake kafa rumfunan tun farko shi ne yawan haihuwa ya fi ƙarfin gine-gine. To, idan an rushe rumfa kuma ba a gina aji ba, yaron ina zai nufa? Ko dai a cusa shi cikin ajin da ya riga ya cika, ko ya koma gida ya jira shekarar shiga firamare.

Yanayi ma ya shigo da nasa. A 2024, ambaliyar ruwa ta sa aka ɗage komawa makaranta daga 2 zuwa 28 ga Oktoba, saboda wasu azuzuwa sun rushe, wasu kuma waɗanda ruwa ya raba da gidajensu ne ke kwana ciki. Ga kuma zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40. Yaro ɗan shekara huɗu ba ya jure wannan ƙarƙashin kwano, dole malama ta tattara darasin da ke buƙatar natsuwa da sassafe, ta bar waƙa da wasa zuwa hantsi, tulun ruwa na kusa.

Sai batun harshe. Kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. A ajin ƙanana wannan dama ce, don tatsuniya da kacici-kacici da ƙirgen tsakuwa sun fi shiga kan yaro da harshen da ya sha a nono, ko Hausa ne, ko Zabarmanci, Fulatanci, Tamajeƙ ko Barbarci. Sai dai fa malamar da aka horar da Faransanci tana buƙatar sabon horo da littattafai a hannu.

Nan ne kwamitocin iyaye ke da aiki: su leƙa aji su ga ƙofa nawa gare shi, su tambayi inda ake dafa abinci kusa da yara, su kuma matsa wa magadan gari lamba a sa ginin ajin jardan cikin kasafin kuɗin bana.