Waƙar "Mbube" da Shari'ar Magadan Solomon Linda

A cikin shekarar 1939 wani mawaƙi ɗan ƙabilar Zulu, Solomon Linda, ya shiga ɗakin ɗaukar murya na kamfanin Gallo a Johannesburg, shi da 'yan amshinsa, suka rera waƙar "Mbube", watau zaki. Bisa ga abin da aka ruwaito, sule goma aka ba shi. Faifan ya yi kasuwa ƙwarai a Afirka ta Kudu, amma mai waƙar bai wuce leburan shirya faya-fayai a wannan kamfani ba.

Da faifan ya ƙetara Amurka sai ya faɗa hannun Pete Seeger da ƙungiyarsa ta Weavers, suka sake rera waƙar da sunan "Wimoweh". A nan gizo ke saƙar. Su dai sun ɗauke ta waƙar gargajiya ce, irin wadda aka gada kaka da kakanni, wadda ba a san mafarinta ba balle a ce ga mai ita. Saboda haka aka liƙa mata sunan Paul Campbell, wanda ba kowa ba ne face sunan aro. Wannan kalma ta "gargajiya" abar lura ce ga ɗaliban adabin baka, domin sau da yawa mai nazari kan kira waƙa haka ne kawai don bai tambayi wanda ya ƙaga ta ba. A 1961 George Weiss ya sa mata baitocin Ingilishi, ta koma "The Lion Sleeps Tonight". Linda kuwa ya rasu a 1962 cikin talauci, har iyalinsa suka kasa sayen dutsen kabarinsa.

A 1994 kamfanin Disney ya sa waƙar cikin fim ɗin The Lion King. Ko da yake ba ita ce babbar waƙar fim ɗin ba, ta nan ne lauyoyi suka sami kafa. Hujjarsu wata tsohuwar doka ce ta Ingila, ta 1911, wadda ta hau kan Afirka ta Kudu kamar yadda ta hau kan Nijeriya zamanin Turawa. Dokar ta tanadi cewa ko da mawallafi ya sayar da haƙƙinsa, to, bayan shekara 25 da rasuwarsa haƙƙin zai komo ga magadansa. Ashe ke nan tun 1987 waƙar ta 'ya'yan Linda ce a ƙasarsu.

Aka shigar da ƙara a 2004. Ba a kai ga yanke hukunci ba, don a 2006 kamfanin Abilene Music, wanda ya ba Disney izinin amfani da waƙar, ya yarda a sasanta. Aka biya magada kuɗin da ba a bayyana yawansu ba, aka kuma amince da Linda cikin mawallafan waƙar. Wa'adin yarjejeniyar ya ƙare a 2017, sa'an nan a 2019 Disney ya sabunta fim ɗin, waƙar kuwa tana ciki.