Hagarawa: Daga Ina Sunansu Ya Samo Asali?

A cikin al'ummomin da littattafan Bani Isra'ila suka ambata a gurguje, akwai wasu makiyaya da ake kira Hagrim ko Hagri'im da harshen Ibrananci, mufuradinsu Hagri, waɗanda za mu kira Hagarawa da Hausa. Labarinsu bai taka kara ya karya ba, amma sunansu ya daɗe yana wahalar da malaman lugga, saboda duk wanda ya ji shi, abin da zai fara faɗo masa a rai shi ne Nana Hajara, mahaifiyar Annabi Isma'ila, wadda Yahudawa ke kira Hagar.

Littafin Tarihi na fari, sura ta 5, ya ce a zamanin Sarki Ɗalutu, wato Saul, zuriyar Ra'ubainu sun yaƙe su, suka gaje tantunansu a gabashin Gileyad, ƙasar da ke cikin Urdun a yau. Surar ta sake kawo wani yaƙi wanda ya fi wannan girma, inda mayaƙa 44,760 daga Ra'ubainu da Gad da rabin kabilar Manassa suka far musu, suka kwashe ganimar raƙuma 50,000 da tumaki 250,000 da jakuna 2,000. Ko da mai karatu ya yi tababa a kan adadin, kamar yadda ya kamata a yi da lissafin mutanen da, irin dukiyar kaɗai ta isa ta nuna cewa mutanen daji ne masu bin ruwa da ciyawa. Shi ya sa ba abin mamaki ba ne da Annabi Dawuda, sa'ad da ya raba wa wakilansa amanar dukiyar sarauta, ya damƙa raƙuma a hannun Obil Ba'isma'ile, garken tumaki da awaki kuwa ya sa Yaziz Bahagare ya tsare su.

Wasalin ƙarshe na kalmar Hagri shi ne abin da malaman nahawu ke kira ya'un nisba, irin wanda ke cikin Misri ko Kuraishi a Larabci, kuma yana iya jingina mutum ga kaka, yana iya jingina shi ga gari, kamar yadda Bahaushe ke cewa Katsinawa da Sulluɓawa da ɗafi iri ɗaya, alhali na farko gari ne ya tara su, na biyu kuwa dangantaka. Saboda haka ƙirar kalmar ba ta raba gardama.

Masu jingina su ga Hajara suna da hujja mai ƙwari, domin abokan yaƙin Hagarawa a karo na biyun sun haɗa da Yetur da Nafish, waɗanda Littafin Farawa, sura ta 25, ya lissafa cikin 'ya'yan Isma'ila goma sha biyu. Sai dai Zabura ta 83, wajen jero maƙiyan Isra'ila, ta ambaci Isma'ilawa daban, Hagarawa daban, kuma babu inda nassin ya fito fili ya ce daga tsatson Hajara suke. Wasu masu tafsirin Yahudawa sun warware mishkilar da cewa ta yi wani aure ta haifi waɗansu 'ya'ya, amma wannan ijtihadi ne na mutanen baya. Shi kansa sunan Hajara an fi fassara shi da gudu ko ƙaura, ana danganta shi da tushen nan na Larabci da ya haifi hijira da muhajiri. Fassarar ta dace da matar da ta bar gidan Saratu ta shiga sahara, duk da cewa fi'ilin ba ya cikin Ibranancin Attaura, daga Larabci ake aro masa ma'ana.

Akwai wata hanya da a ganina ba a ba ta haƙƙinta ba. A tsofaffin rubuce-rubucen Yaman, baƙaƙen nan uku, h da g da r, suna nufin birni, haka kuma hagar ke nufi a harshen Ge'ez na Habasha, kuma Hajar shi ne tsohon sunan yankin Ahsa'u a gabashin Jazirar Larabawa. Masana ƙasa na Yunanawa, Istirabo da Baɗlaimus, sun ambaci wata kabilar Larabawa mai suna Agraioi. Idan wannan ne asalin, to Hagarawa na nufin mutanen Hajar kawai, ko da yake tazarar da ke tsakanin Ahsa'u da Gileyad tana raunana ra'ayin, ga kuma wuyar kiran mazauna tanti da sunan birni.

Riwayar Hajara ce dai ta yi rinjaye a bakin jama'a. Bayan bayyanar Musulunci, marubutan Rumawa irin su Yahaya na Dimashƙa, a ƙarni na 8, suna kiran Musulmi Agarenoi, wato 'ya'yan Hajara, Kiristoci masu harshen Suryaniyanci kuma suna ce musu Mhaggraye, lafazin da har yanzu masana ke saɓani a kansa, ko daga Hajara ya fito ko daga muhajirai.