Tsinken Gwajin Sukari da Haƙƙin Mai Inshorar Lafiya

Duk wanda ya zauna da mai ciwon sukari, musamman wanda larurarsa ta kai ga allurar insulin safe da yamma, ya san cewa maganin da likita ya rubuta rabin jinya ne, domin ragowar tana rataye da wata 'yar na'ura da ba ta cika tafin hannu ba, wadda ake zura mata tsinke, a huda yatsa, a ɗiga jini, ta faɗi adadin sukarin da ke jiki a wannan sa'a. Na'urar sau ɗaya ake sayenta, amma tsinken ba ya maimaituwa, kuma na wani kamfani ba ya shiga na'urar wani. Wanda kuwa aka umarta da gwaji sau huɗu a yini, kwalba mai tsinke 50 ba za ta kai shi mako biyu ba.

Tun shekarar 2005 da shirin inshorar lafiya na ƙasa ya fara aiki a Nijeriya, har zuwa 2022 da aka sa hannu a sabuwar doka wadda ta kafa hukumar NHIA, ta wajabta inshora a kan kowane ɗan ƙasa, ta kuma tanadi asusu domin masu rauni, an samu ci gaban da ba a musunsa, jihohi irin su Kano ma sun kafa hukumominsu na taimakekeniyar lafiya. Sai dai abin da aka saba shi ne inshora ta ɗauki nauyin ganin likita, da gwajin da aka yi cikin asibiti, da maganin da ke jerinta, alhali tsinken da za a yi amfani da shi a gida, can tsakar dare lokacin da gumi ya keto wa mutum jikinsa yana kyarma, galibi daga aljihunsa yake fita a kyamis. Da yake kuma daga ƙasashen waje ake shigo da yawancinsa, faɗuwar darajar naira tun 2023 ta sa da yawa sun koma gwaji sai ranar zuwa asibiti.

Malaman usulu suna da ƙa'ida cewa abin da wajibi ba ya cika sai da shi, to, shi ma ya zama wajibi, kuma ban ga mas'alar da ta fi wannan dacewa da ita ba. Insulin, wanda aka gano a Toronto a 1921, ni'ima ce mai kaifi biyu: idan ya yi yawa sukari ya faɗi ƙasa da 70, sai mutum ya rikice ko ya suma, idan ya gaza kuwa, sukarin ya yi ta hauhawa shekara da shekaru ba da sanin mai shi ba, har ya illata ƙoda, ya dushe gani, ya kashe jijiyoyin ƙafa, ƙaramin miki ya kai ga yankewa. Hukumar da ta ga tsinke ya yi mata tsada, ta duba abin da wankin ƙoda sau biyu ko uku a mako yake ci, sannan ta sake lissafi.

Al'amarin ya fi tsananta a watan Ramadan, inda likitoci ke shawartar mai azumi ya riƙa gwaji da rana, ya karya idan sukari ya sauka ƙasa da 70 ko ya haura 300, malamai da yawa kuma sun yi fatawar cewa ɗigon jinin yatsa ba ya ɓata azumi. To, ta ƙaƙa mutum zai yi aiki da rukusar da shari'a ta ba shi, alhali ba shi da abin da zai san halin da yake ciki?

Ba a ce a raba wa kowa tsinken daidai ba, domin buƙatar mai shan ƙwaya ba ta kai ta mai allura ba. A fara da yara masu ciwon sukari nau'in farko, da mata masu juna biyu, da duk wanda ke kan insulin, a yanka musu adadi sananne kowane wata, hukuma ta saya da yawa a farashin sari, ta tsaya a kan na'ura iri ɗaya ko biyu don kada tsinke ya saɓa. Harajin naira 10 da aka ɗora a kan kowace lita ta lemon zaƙi tun dokar kuɗi ta 2021 ya cancanci a keɓe wani kaso daga cikinsa domin wannan aiki.