Yadda Ake Zaɓen Tukunyar Ɗumama Gida a Ƙasashen Sanyi

A makon jiya mun tsinci wata tambaya a akwatin ƙungiyarmu. Mai tambayar ya ce yayansa da ke karatu a Ingila ya bugo waya yana kukan cewa "boila" ta mutu a gidan da yake haya, har sun kwana uku da rigunan sanyi da safa cikin bargo. Shi ne yake son ya san mece ce wannan boila, kuma me ya sa mutuwarta ta zama abin tashin hankali. Da yake mu ma hunturu ya kama mu, kowa na zuwa taron safe yana rawar ɗari, mun ga ya dace mu ba da amsar a wannan allo.

Mece ce boila?

Sanyin da muke kuka da shi a Kano da asuba bai cika sauka ƙasa da digiri 12 ba. A Landan kuwa, daren watan Janairu yakan sauka zuwa digiri 2 ko 3, wani lokaci har ƙasa da sifili, inda ruwa ke daskarewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada ɗumin cikin gida ya gaza digiri 18, domin zama cikin sanyi na jawo ciwon ƙirji da hawan jini, musamman ga tsofaffi da jarirai. Don haka a can ɗumama gida magana ce ta lafiya da rai.

Boila tukunyar ƙarfe ce a rufe, girmanta kamar ƙaramin kabad, galibi a manne da bangon kicin. Tana ƙona iskar gas ta zafafa ruwa, sai wani ɗan famfo ya tura ruwan cikin bututu zuwa kowane ɗaki. A jikin bangon ɗakin akwai faffaɗan ƙarfe da ruwan ke ratsawa, irin lagireton mota. Ƙarfen ya ɗauki zafi ya ɗumama ɗakin, ruwan ya huce ya koma tukunya a sake dafa shi. Haka yake ta kewayawa. Wuta ɗaya ce ke ɗumama gida duka, ita ce kuma ke ba da ruwan wanka da na wanke-wanke. Fiye da gida takwas cikin goma a Ingila da irin wannan tukunya ta gas suka dogara. Ka ga ke nan in ta mutu, ɗumi da ruwan zafi duk sun tafi lokaci guda.

Iri uku ne

Abu na farko da mai saye zai duba shi ne irin da ya dace da gidansa. Akwai wadda ake kira kombi. Ita ba ta da tankin ajiya. Da an buɗe famfo take zafafa ruwan nan take. Ba ta cin wuri, shi ya sa ta fi yawa a ƙananan gidaje. Aibinta shi ne in mutum biyu suka shiga wanka a banɗaki biyu lokaci ɗaya, ƙarfin ruwan zai rabu, kowa ya ji a jikinsa.

Ta biyu tana da tankin da take tara ruwan zafi a ciki, ta dace da gida mai yawan jama'a da banɗaki biyu ko uku. Sai dai tankin na buƙatar wuri, kuma in aka ƙarar da ruwan sai an jira ya sake zafi. Ta uku ita ce ta tsofaffin gidaje: ban da tankin ruwan zafi, tana da wani na ruwan sanyi a can cikin rufi. Inda ruwan famfo ba shi da ƙarfi, ko bututun gidan sun tsufa, sau da yawa ita ake bari.

Ƙarfi daidai da gida

Da kilowat ake auna ƙarfin boila. Ƙaramin gida mai banɗaki ɗaya yakan wadatu da kombi mai kilowat 24 zuwa 27, babban gida kuwa yakan kai 35 ko fiye. Wasu na zaton mafi ƙarfi ita ce mafi kyau. Ba haka ba ne. Tukunyar da ta fi ƙarfin gida za ta riƙa kamawa tana mutuwa a kai a kai, ta ci gas a banza, kayan cikinta su gaji da wuri. Wadda ta gaza kuma za ta wuni tana aiki ɗaki bai yi ɗumi ba. Shi ya sa ƙwararren ma'aikaci sai ya zo ya auna ɗakuna, ya ƙirga tagogi, ya duba bango da ƙarfin ruwa kafin ya ce ga wadda za a saya.

Inda darasin kimiyya ya shigo

'Yan ajin kimiyya, ku matso. In gas ya ƙone, cikin abin da yake fitarwa har da tururin ruwa. Tsofaffin tukwane sukan saki wannan tururi ya fice waje da zafinsa. Amma mun koya a aji cewa in tururi ya koma ruwa, yana sakin ɓoyayyen zafin da ya riƙe. Sabbin tukwane da wannan dabara suke aiki: suna bi da hayaƙin ta jikin bututun ruwan da ya dawo a huce, tururin ya koma ruwa, zafinsa ya shige cikin tukunya maimakon ya bi iska. Dabarar ta fi ci in ruwan da ke dawowa bai wuce digiri 55 ba.

Ga lissafin a aljihu. Tsohuwar tukunya da ke amfani da kashi 70 cikin 100 na zafin gas, a duk fam 100 da aka biya, fam 30 ya bi hayaƙi. Sabuwa mai kashi 92 kuwa fam 8 kawai take zubarwa. Tun shekarar 2005 doka ta wajabta sa irin wannan sabuwa a Ingila da Wales, a 2018 kuma aka ce a Ingila kada ingancin sabuwar tukunyar gas ya gaza kashi 92. Da kuɗin gas ya yi tashin gwauron zabi a Turai a 2022, bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukiren, masu tsofaffin tukwane sun fi kowa ɗanɗana kuɗarsu.

Sai dai sabuwar ma tana da nata lagon. Ruwan da tururin ya zama, ta wani siririn bututu yake fita. In aka bar bututun a waje ba rufi, sanyi ya daskarar da shi, tukunya sai ta kashe kanta. Haka ya faru a gidaje da yawa a Birtaniya lokacin tsananin dusar ƙanƙara ta ƙarshen Fabrairun 2018.

Yaya ake gane mai aminci?

Akwai sanannun kamfanoni irin su Worcester Bosch, Vaillant, Viessmann, Baxi da Ideal, amma suna kaɗai bai isa ba. Mai hankali yakan tambayi tsawon garanti, domin wasu shekara 2 suke bayarwa, wasu 10 ko 12, kuma galibi da sharaɗin a riƙa duba tukunyar kowace shekara. Yakan tambaya ko ana samun kayan gyaranta a kusa, ko akwai masu gyaranta a garin. Tukunya mai kyau takan yi shekara 10 zuwa 15, saboda haka wanda ya bi araha ya sayi wadda za ta riƙa mutuwa tsakiyar sanyi, zai tuna cewa araha ba ta ado.

Wanda zai haɗa ta ma abin dubawa ne. A Birtaniya laifi ne mutum ya yi sana'ar aikin gas ba ya cikin rajistar Gas Safe, wadda ta fara aiki a 2009. Kowane ma'aikaci na da katin shaida, kuma mai gida na da ikon cewa a nuna masa. Doka ta kuma ɗora wa mai ba da haya duba kayan gas sau ɗaya a shekara, ya ba ɗan haya takardar. To mai tambaya, gaya wa yayanka gyaran boila nauyin mai gidan ne, ya kuma nemi ganin wannan takarda.

Abin da ya shafe mu a nan gida

Dalilin wannan tsanani shi ne wata guba mai suna kabon monoksaid. Tana fitowa ne in wuta ba ta samu isasshiyar iska ba. Ba ta da launi, ba ta da wari. Takan fara da ciwon kai da jiri da kasala, mutum ya ɗauka gajiya ce ya kwanta, daga nan ba ya tashi. Harshen wutar boila mai lafiya shuɗi ne. In ya koma rawaya, ko baƙi ya fara taruwa a jikinta, to a kashe ta a kira ma'aikaci. Don haka ne ake manna ƙararrawar da ke jin wannan guba kusa da tukunya.

Mu ba mu da boila, amma gubar muna da ita. Ita ce ke fita daga kaskon gawayin da ake shiga da shi ɗaki a rufe ƙofa da taga, ita ce kuma ke cikin hayaƙin janareta. Muna roƙon 'yan kwana kada kowa ya shiga da garwashi ɗakin kwana, 'yan jeka-ka-dawo kuma ku isar wa iyayenmu da saƙo cikin ladabi: a fitar da kasko kafin a kwanta, a ajiye janareta a waje nesa da taga.

Mai wata tambaya ya jefa a akwati kafin ranar Alhamis. Allah ya ba mu wucewar hunturu lafiya, amin.